Mai Jaka a Kan Teburina

Duk ranar Juma'a in kun taso daga masallaci kuka biyo ta shagon nan namu na unguwar Matar Ƙadim a Doha shan shayi, sai wani a cikinku ya dubi shahon da ke kan kanta ya ce, Baba Garba, ai aikinku hutu ne, a feɗe, a cusa auduga, a ɗinke. Ba na jin haushin maganar, domin ni ma ita na faɗa ranar da na fara shigowa wurin nan. Larabawa na ce wa sana'ar tahniɗ. Mu a gida ba mu da sunanta, sai dai a ce gyaran fatar dabbar da ta mutu, a mayar da ita tsaye kamar tana numfashi. Tunda yau babu aikin gaggawa, ku ja kujeru in ba ku labarin yadda ake yi, da labarin dabbar da ta fi kowace wahalar da ni.

Ni ɗan majema ne. A Kano na tashi cikin warin jima, mahaifina da kakana duk aikinsu ke nan. Kafin in iya karatun sallah na san bagaruwar da ta nuna da wadda aka tsinka ɗanya, na san yadda ake riƙe kartaji a kankare fata ba tare da an huda ta ba. Amma da na zo Doha, tuƙi na zo yi. Kafil ɗina na lokacin, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, mutum ne mai son farauta da shaho. Wata rana shahonsa da ya fi ƙauna ya mutu, ya naɗe shi a tawul ya ba ni, ya kwatanta mini wannan shagon. Na tarar da wani dattijo ɗan Sudan, Usta Bashir, wanda kakanninsa Hausawa ne da suka yada zango a hanyar Makka, don haka yana da Hausa 'yar kaɗan mai daɗin ji. Ina jiran ya karɓi saƙon, sai na ɗauki wata fatar barewa da ke shimfiɗe, na murza ta tsakanin yatsuna na sansana. Ya lura. Ya tambaye ni ɗan gidan wa ne ni, na gaya masa, na ƙara da cewa ai wannan aikin nasa wasan yara ne a wurin majemi. Ya yi dariya har da tari, ya buɗe firiza ya miƙo mini tantabara, ya ce ran hutuna in zo in nuna masa.

Tantabarar nan ta koya mini hankali. Fatar tsuntsu ba ta kai kaurin ɓawon albasa ba, ni kuwa hannuna ya saba da ƙirgin shanu. Na yaga ta a wuya, na yaga ta a gindin fiffike, da na gama ɗinki ta fito kamar wadda ta haɗiyi ƙwan kaza ya tsaya mata a maƙoshi, ido ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma. Usta ya ɗora ta a taga ya ce a bar ta nan ta riƙa korar ɓarayi. Duk da haka ya ga wani abu a hannuna. Shi ya je ya roƙi kafil ɗina har aka yi mini canjin aiki ta hanyar da ta dace, na ajiye makullin mota na ɗauki aska.

Kayan aikinmu ba su da yawa, ga su nan kuna gani: aska mai siririn baki, almakashi, hantsaki, allura mai lanƙwasa, waya, gishiri da alam, yumɓu, da akwatin idanun gilashi. Abin da ba ya cikin akwati shi ne sanin dabbar. Usta ya hana ni taɓa fatar abokin ciniki sai da na daɗe ina zuwa kasuwar tsuntsaye da gonakin Umm Salal ina kallo kawai. Yadda barewa ke ɗora nauyinta a ƙafa uku in ta ji motsi, yadda mariri ke sunkuyar da ƙaho in zai yi faɗa, yadda shaho ke kumbura ƙirji bayan ya ci ya ƙoshi. Ba auduga ake cusawa ba. Jiki ake sassaƙawa daga farko, da kowace tsoka a wurinta, sannan a sanya masa fatar kamar riga. In jikin ya yi ƙarya, fatar za ta tona asiri.

Masu shaho su ne abokan cinikin da suka fi kowa wuya, kuma su na fi so. Akwai wani tsoho da na gyara wa tsuntsunsa, aikin da ni kaina na yaba. Ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce kyakkyawa ne, amma ba nasa ba ne, nasa yana karkata kai hagu in an kira sunansa. Na jiƙa wuyan na sake karkata shi. Da ya dawo sai ya sa yatsa ya shafa ƙirjin tsuntsun, ya aiko mana da tiren shinkafa da rago wanda ya ishi duk layin nan.

Shekarar da ba ma son tunawa ita ce shekarar asu. Wani ya kawo mana kan mariri da ya daɗe rataye a ɗakin ajiya, muka karɓa muka jingine shi a kusurwa ba mu fara sa shi a firiza don sanyi ya kashe ƙwari ba. Ashe cike yake da asu da wani ƙaramin ƙwaro mai cin gashi. Ga zafin bazara, ga na'urar sanyaya ɗakin ajiyarmu ta tsaya ana cikin hutun sallah. Da muka buɗe ƙofa, gashi ne a ƙasa kamar shagon wanzami. Aikin mutane da yawa ya lalace, abin da ba za ka iya saye ka mayar ba, domin kowane ɗaya dabbar wani ce da ya sani tun tana da rai. Usta ya sa babbar jallabiyarsa muka bi gida gida muna ba da haƙuri. Wasu suka yafe, wasu ba su sake dawowa ba. Muka yi watanni muna gyaran kifi na ado ga gidajen abinci kafin mutane su sake yarda da mu. Tun daga nan ko gashin tsuntsu ɗaya ne ya shigo shagon nan, sai ya kwana a firiza tukuna.

Bayan idanun Usta sun yi rauni ya bar mini shagon, ya koma zama a gida wurin ɗansa. A lokacin ne Abu Rashid ya kira ni. Dattijo ne mai gona a Umm Salal, mai son tara abubuwan tarihin halitta, mun daɗe muna yi masa aiki. Ya ce ya sayi wata tsohuwar dabba a gwanjo a Turai da takardunta cikakku, tana isowa ta jirgi, in je in tarbe ta da kaina. A sashen kaya na filin jirgin Hamad 'yan'uwanmu masu ɗaukar kaya suka turo mini akwatin a hankali kamar amarya, suna tambaya ko zaki ne a ciki. Na ce ni ma ban sani ba.

Da na buɗe a shago sai na ga abu kamar kare, launin yashi, da baƙaƙen ratsi a gadon baya tun daga tsakiya har gindin wutsiya. An tsayar da shi tsayuwar karen farauta, an murɗe wutsiyar sama, an wangale bakin. Aiki ne na mutanen da, ya haura shekara ɗari. Ƙarfen da ke ciki ya yi tsatsa ya kumbura har ya fasa fatar ƙafafu, busasshiyar ciyawar da aka cusa tana zubowa ta ɗinkin ciki. In aka bar shi haka, 'yan shekaru kaɗan zai zube. Na duba haƙoran, na ga na gaba sun fi na kare yawa. Na duba wutsiyar, gindinta kauri gare shi, babu inda baya ya ƙare wutsiya ta fara. Na kira Abu Rashid na ce ba zan taɓa dabbar da ban sani ba, a nemo mini wanda ya san ta.

Wadda ya turo 'yar gida ce, abin da ban zata ba. Dakta Bilkisu, 'yar Zariya, tana koyar da ilimin dabbobi a wata jami'a a nan. Ta shigo ta gaishe ni da ladabi, ta juya ta ga abin da ke kan tebur, sai ta tsaya cak da jakarta a kafaɗa. Ta ce, "Baba, ka san abin da ke gabanka kuwa? Duk duniya babu mai rai ko ɗaya."

Ta zauna ta ba ni labarin. Turawa na ce mata damisar Tasmaniya saboda ratsin, wasu su ce kyarkecin Tasmaniya saboda siffar kai, amma ba ta da dangantaka da damisa ko kare. 'Yar'uwar kangaru ce, cikin dabbobin da ke haihuwar ɗa ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake, ya rarrafa ya shige wata jaka da ke cikin uwar, ya kama nono ya ƙarasa girma a can. A da can tana ko'ina a ƙasar Ostireliya, daga baya ta rage a tsibirin Tasmaniya kaɗai. Mai kunya ce, da yamma take fita, tana farautar ƙananan dabbobi da tsuntsaye. Da Turawa suka zo da tumakinsu suka sare dazuka, sai aka ɗora mata laifin duk tunkiyar da ta ɓata, har aka sa lada ga wanda ya kawo kanta. Dakta ta ce masana da yawa yanzu suna ganin an yi mata ƙari, domin muƙamuƙinta bai kai ƙarfin da ake zato ba. Aka yi ta kashewa, cuta ma ta shigo, har ta ƙarshe da aka sani ta mutu a keji a shekarar 1936. An kafa dokar kare ta, amma dokar ta zo a makare ƙwarai.

Ta buɗe kwamfutarta ta nuna mini wani ɗan guntun fim mara launi na wadda ke cikin keji. Wannan fim shi ne kasuwar tsuntsayena, shi ne gonata, domin babu inda zan je in ga mai rai. Na kalle shi har na haddace. Tafiyarta ba ta kare ba ce, bayanta a ɗan sandare yake, wutsiyar na bin ta a miƙe kamar sanda, ba ta kaɗawa. Wani lokaci takan sauke dunduniya ƙasa ta zauna a kan ƙafafun baya. Na gane wanda ya yi aikin farko bai taɓa ganin ta da rai ba. An aika masa fata a jirgin ruwa, ya yi abin da ya sani, wato kare. Ban zarge shi ba, ɗinkinsa ma mai kyau ne.

Tsohuwar fata irin wannan ba a jiƙa ta da ruwa, za ta narke kamar takarda. Kuma mutanen da guba suke shafa mata don maganin ƙwari, saboda haka da safar hannu da takunkumi muka yi aikin gaba ɗaya. Na haɗa 'yar rumfa ta leda, na jera kwanonin jiƙaƙƙen yashi a ciki, na bar raɓa ta shige ta kaɗan kaɗan. Kullum in taɓa kunnen da bayan yatsa in ji ko ya fara saki. Abu Rashid na kira yana cewa yalla, a yi sauri, ni ina ce masa haƙuri. Dakta kuwa duk ranar da ba ta da aji tana nan, tana aunawa tana ɗaukar hoto, ta kuma tura wa abokan aikinta na can ƙasar su duba mana ma'aunin ƙashi don in sassaƙa jikin daidai.

Ranar da na warware tsohon ɗinkin ciki ita ce ranar da ba zan manta ba. Ina bin zaren da hantsaki, sai na iske wani wuri can ƙasan ciki da aka ninke fata aka danne da manne aka ɗinke ta shafe. Na zaci gyaran yaguwa ne. Na riƙa ɗiga masa ruwan narkar da manne da bakin buroshi, ninkin ya fara ɗagowa, sai ga baki ya buɗe, yana fuskantar wajen wutsiya. Na kira Dakta. Ta sunkuya da fitila da gilashin ƙara girma, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago sai ta zauna a ƙasa dirshan, tana dariya a cikin takunkumi.

"Jakar ce, Baba," in ji ta. "Mace ce. Dubi yadda ta buɗe, dubi nonon nan ya fi sauran tsawo. Wannan ta shayar."

Ta ce jakar na kallon baya ne don kada ƙaya da ciyawa su shiga in uwar na gudu a daji. Mutumin farko ya ga abin da bai gane ba, ya ɗauka aibi ne, ya rufe shi. Takardun gwanjon ma ba su faɗi jinsinta ba. Daga ranar muka daina ce mata dabbar, muka koma ce mata Mai Jaka. Na aika aka sayo mana shayin karak da sambusa, muka fita waje muka wanke hannu muka ci, har maƙwabcina mai gyaran takalma ya zo yana tambaya ko haihuwa aka yi. Na ce masa ƙwarai, sai dai an jima da yin ta.

Matsala ta zo wajen sanya rigar. Na gama sassaƙa sabon jiki mara nauyi, babu ƙarfen da zai yi tsatsa, muna jan fatar a hankali a kan kwankwaso, sai na ji ƙara 'yar ƙarama kamar an taka busasshen ganye. Fatar ta tsage a gefen dama, tsagar ta ratsa ta cikin ratsin baƙi, kuma tana neman ci gaba. Allura ba za ta shiga wurin ba, duk inda ka huda zai ƙara yagewa. Na ce kowa ya cire hannu. Na rufe ta da leda na tafi na ɗauko Usta Bashir a mota.

Bai iya ganin tsagar ba, sai ya sa safar hannu mai laushi ya bi ta da yatsa. Ya ce ba ɗinki take so ba, majingina take so ta ciki, abu mai laushi da zai miƙe tare da ita. Ya tambaye ni, ɗan majema, babu abin da ka zo da shi daga gida? Akwai kuwa. Ƙanena yakan aiko mini da fatar jar akuya wadda ya jeme da bagaruwa, ina yin kuben wuƙaƙena da ita. Dakta ta fara tambayar masanan can ko hakan ba zai cutar da tsohuwar fatar ba, suka faɗi irin mannen da za a sa wanda za a iya cirewa nan gaba. Na zauna na feƙe aska, na riƙa kankare bayan fatar akuyar har sai da haske ke ratsa ta. Usta na riƙe da gefen tsagar, ni ina zura facin ta ciki, Dakta na haska mana. Muka haɗa bakin ratsi da ratsi, gashi da gashi, muka danne da jakar yashi. Da ta bushe na taje wurin da buroshi mai laushi, na ce wa Dakta ta nemo tsagar. Sai da ta duba hoton da ta ɗauka kafin ta gano inda take. Har yau in na tuna akwai akuyar Kano a cikin damisar Tasmaniya a wata gona a Ƙatar, sai in yi dariya ni kaɗai.

Gardama ɗaya muka yi da Abu Rashid, a kan baki. Yana son a bar shi a wangale don ya ga hoton da ta buɗe shi har kamar kan zai rabu biyu. Na ce masa leɓen ya tsufa, ba zai jure ba, Dakta kuma ta ce an daɗe ana nuna ta a matsayin muguwa, a bar ta ta huta. Ya ce khalas, shi ke nan, ku kuka sani. Muka rufe bakin, muka sauke wutsiyar ta miƙe, muka ɗan juya kan kamar ta ji motsi a ciyawa. A ƙasan akwatin gilashin na sa ƙaramin madubi, yadda duk wanda ya sunkuya zai ga jakar.

Da safe muka kai ta gonar, ni da Usta da Dakta. Abu Rashid ya shirya ɗaki mai sanyi wanda yake son ɗaliban makarantu su riƙa zuwa gani, ya tara 'ya'ya da jikoki a tsakar gida. Akwatin gilashin ya riga mu zuwa, don haka a kan katakonta kawai muka sauke ta daga mota, muka ajiye a inuwa, na yaye ƙyallen da ke kanta don in duba ko hanya ta taɓa wani abu. Kafin kowa ya yi magana, sai ga tsohon karen farautar Abu Rashid, dogo siriri, ya zagayo ta bayan rumfar raƙuma. Karen nan ya saba da dabbobin da na gyara, yakan kwanta ma a gindin barewar da ke falo. Amma da ya hango Mai Jaka sai ya ja birki. Gashin wuyansa ya tashi, ya sauke kai, ya yi gurnani can ƙasa, ya fara ja da baya a hankali bai ɗauke ido daga kanta ba, har ya je ya laɓe bayan jallabiyar maigidansa.

Jikokin suka fashe da dariya, Abu Rashid na tafa hannu. Dakta ta ce a hankali, karnukan da Turawa suka kai tsibirin suna cikin abin da ya ƙarar da su. Usta Bashir, da ba ya ganin abin da ke faruwa, ya kama hannuna ya tambaya me ake yi wa dariya. Na gaya masa kare ne ya ji tsoro ya gudu.

Ya gyara rawaninsa, ya ce da Hausarsa ta Sudan, "To, Garba, ka iya. Ɗauke ta mu shiga da ita ciki kafin ta bi shi."